Tauraruwar da Ɗanlaraba Ya Gano

A Oloumi, bayan layin masu gyaran mota, akwai wata rumfar kwano inda Hajiya Saadatou take sayar da tuwo da shinkafa da wake. Bazawara ce 'yar Damagaram, mai hannun miya da kaifin baki, kuma duk direba ɗan Nijar da ke Libreville ya san inda bencinsa yake a rumfar. Biyu daga cikinsu ba don tuwon kaɗai suke zuwa ba.

Ɗaya shi ne Saïdou, mai bas da ke jigila zuwa Owendo. Mutum ne marar yawan magana, yana ɗingishi tun haɗarin da ya yi bara, lokacin da likitoci suka sa masa ƙarfe a ƙugu. Ɗayan kuwa Ɗanlaraba ne, Bakatsinen Maraɗi, mai taksi ɗaya da labari dubu. A bakinsa ya taɓa tuƙa jirgin ruwa har Douala a cikin guguwa, ya kuma taɓa gyara wa wani Bature Faransancinsa har Baturen ya yi godiya. Ba wanda ya taɓa gani, ba kuma wanda ya damu ya musa, domin labarinsa yana taimaka wa tuwo wucewa.

Ran nan Saïdou ya iso da bas ɗinsa, ya juya bayanta wajen rumfa, ya kashe. An rubuta SAADATOU da ruwan zinariya daga wannan fitila zuwa waccan. Hajiya ta fito tana goge hannu a zani, ta tsaya ta duba, ta yi murmushi. Murmushin ya tsaya wa Ɗanlaraba a maƙogwaro tare da loma.

An yi dace da safiyar ranar ya ɗauki wani malamin kimiyya na makarantar lise zuwa unguwar Batterie IV, cunkoso ya riƙe su, malamin ya yi ta zuba. Ya ce a kwanakin nan wata tauraruwa mai wutsiya za ta bayyana ta yamma bayan faɗuwar rana. Ya ce irin waɗannan sau da yawa wanda ya fara gano su ne ake kiransu da sunansa. Ya ce akwai taurari masu ƙara haske su rage, akwai kuma abubuwa a sama da ido ba ya gani sai da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Ɗanlaraba ya tsinci kaɗan daga nan, kaɗan daga can, ya zuba a aljihu.

"Suna a bayan bas," in ji shi, yana suɗe yatsa. "Hajiya, darajarki ke nan? Sunanki yana shaƙar hayaƙi, duk motar da ta biyo baya ta watsa masa taɓo?"

"Kai a ina za ka rubuta shi?"

"A sama."

"Saman taksinka? Ai yoyo yake yi."

"Saman Allah. Tauraruwa mai wutsiya zan gano, sabuwa fil, wadda ko Turawa ba su sani ba. Doka ce, wanda ya gano shi ke raɗa suna. Ni ba na bukatar sunana a can, an san ni a ƙasa. Naki zan sa."

Saadatou ta koma gindin murhu, ta ɗauki wani baƙin falle mai tauri da take fifita gawayi da shi, ta yi ta fifita har wutar ta yi ja.

"To ku saurara ku biyun," in ji ta. "Yaya Abduljalil zai iso daga Port-Gentil ranar Lahadi da yamma. Shi ne waliyyina, ya ce ya gaji da ganina a zaune, in faɗa masa wanda na zaɓa. Malam Ɗanlaraba, ka nuna mini tauraruwata a gabansa, in ce kai. In babu, ga bas nan a tsaye."

Aka dubi Saïdou. Ya ce, "Na yarda. Hajiya, a ƙaro miya."

Daga rumfar Ɗanlaraba ya wuce wurin Yacouba mai walda. Yacouba Bagobiri ne na Tsibiri, saboda haka tsakaninsa da kowane Bakatsine akwai wasan da aka gada tun kakanni, kuma bai taɓa barin gadon ya kwana da yunwa ba.

"Bawana, me ya kawo ka? Taksin ta rabu biyu?"

"Madubin hangen taurari za ka ƙera mini."

"Ka taɓa ganin irinsa?"

"Ni da na riƙe wa Bature nasa a Agadas? Bututu ne da gilashi. Sauran duk burga ce."

Aka samo bututun ruwa na roba, tsawonsa ya kai mutum. Aka cusa gilashin wani tsohon tabarau a ƙaramin bakin, aka liƙa gilashin fitilar mota a babban. Ɗanlaraba ya sa aka shafe shi da baƙin fenti, domin a cewarsa ilimi ba ya son kwalliya. Da ya leƙa, sai ya ga duniya ta zama kunu. Ya ce haka ake so, ai ba don kallon duniya aka yi shi ba.

Malamin lise ya ce a nemi wuri mai tudu. Ɗanlaraba ya tuna da wani bene da ba a gama ginawa ba a Batterie IV. Ana gab da magariba ya haye da bututunsa, ya ɗora shi a kan bulo, ya saita yamma. Abin da bai lura da shi ba, tsakaninsa da yamma akwai barandar wani katafaren gida, a barandar kuma akwai matar gidan, ɗaure da tawul, tana shan iska bayan wanka. Ta ɗaga kai ta ga ƙaton baƙin bututu ya dube ta, da mutum a bayansa ya kanne ido ɗaya.

Ihun da ta yi ya fito da mai gadi, mai gadi ya fito da kare.

"Madam, ba ke nake kallo ba," in ji Ɗanlaraba da Faransancin nan da ya gyara wa Bature. "Mai wutsiya nake nema."

Wannan bayani bai gyara komai ba. Karen ya san matakalar benen fiye da shi. Ɗanlaraba ya rungumi bututu ya dira a kan tarin yashi, karen ya biyo ta ƙasa ya karɓi rabonsa na wando. Da ƙyar ya faɗa taksi ya ja ƙofa.

Washegari a rumfa ya ci tuwonsa a tsaye.

"Malam Ɗanlaraba, ga benci," in ji Saadatou.

"Masu binciken sama ba su cika zama ba."

"Na ji an ce ka gano mai wutsiya a Batterie IV," in ji Yacouba. "Har ta yi haushi."

"Masu kuɗi ba sa son ilimi. Kuma laifin fitilun gari ne. Malamin ya faɗa, sai an nisanci gari ake ganin sama da kyau. Yau teku zan shiga."

"Zan raka ka. Ba don taimako ba."

Suka sami wani masunci ɗan Benin da ya yarda ya fita da su a kwalekwalensa mai inji bayan sallar magariba. Ba su yi nisa da gaɓa ba mutumin da ya tuƙa jirgi har Douala a cikin guguwa ya fara mayar wa teku tuwon Hajiya. Yana cikin haka, kansa a rataye a gefen kwalekwale, ya hango wani jan haske can ƙasa-ƙasa, inda ruwa ya haɗu da sama. Ya haska, ya dushe, ya sake haskawa.

Ya miƙe ya manta da cikinsa.

"Yacouba, dubi can. Ita ce irin wadda malamin ya ce, mai ƙara haske ta rage. Numfashi take yi."

"Ba ta da wutsiya."

"Ƙarama ce, ba ta fito da ita ba tukuna. Kai da aka haife ka da gemu ka zo?"

Masuncin ya yi ƙoƙarin cewa wani abu, Ɗanlaraba ya ɗaga masa hannu, ya nuna masa hasken, ya ce a nufi can. Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya ƙara wuta. Tauraruwar ta yi ta girma. Ɗanlaraba, ido a bututu, yana ta sanarwa: ta kai ƙwai, ta kai lemo, ta kai kabewa, ba a taɓa kusantar tauraruwa haka ba tun da aka halicci ɗan Adam. Masuncin ya kashe inji, amma ya makara. Kwalekwalen ya bugi tauraruwar, ta yi ƙara irin ta tsohuwar ganga.

Tulun ƙarfe ne mai fitila a ka, irin wanda ake ɗaurewa a ruwa don nuna wa jirage hanya. Wani tsuntsun teku da ke barci a kai ya tashi, ya bar wa Ɗanlaraba shaida a hula. Bututu ya faɗa ruwa, mai shi ya bi shi, aka tsamo su biyun da ƙugiyar kifi.

"Bawana," in ji Yacouba, yana matse masa riga, "sunan Hajiya za mu rubuta a jikinta, ko na tsuntsun?"

Daga ranar sai sama ta rufe. Damina ce, kuma duk wanda ya zauna a Libreville ya san idan hadari ya sauka a kan garin ba ya gaggawar tashi. Safe toka, rana toka, yamma toka. Ɗanlaraba ya yi ta ɗaga kai har wuyansa ya ƙage. Saïdou kuwa kullum sai ya wanke bayan bas ɗinsa a gaban rumfa, a hankali, harafi bayan harafi.

Ranar Asabar Ɗanlaraba yana zaune a gefen benci, a kan ɓangaren da kare ya bar masa, Saadatou ta ajiye baƙin fallen nan nata ta shiga ciki ɗauko kwanuka. Fallen ya jingina da tukunya, hasken waje ya ratsa shi. Sai ga inuwar ƙashi fara sol a ciki. Hoton asibiti ne, wanda a nan ake ce wa radiyo.

Ɗanlaraba ya ajiye loma. Ya cusa fallen a cikin riga, ya fita kamar mai jin fitsari.

"Yacouba, kawo almakashi. Na gano abin da ya gagari Turawa."

"Wanka da sabulu?"

"Saurara, ko Bagobiri zai iya gane wannan. Da me likita yake ganin ƙashin mutum?"

"Da radiyo."

"Ya ratsa riga, ya ratsa fata, ya ratsa nama. To abin da ya ratsa naman ƙato, girgije ne zai gagare shi? Girgije fa tururi ne. Malamin da bakinsa ya ce da wannan ake kallon abubuwan da ido ba ya gani a sama. Su suna kashe dukiya suna harba na'ura, ni ga ta Hajiya tana hura wuta da ita."

Ya zaɓi tsakiyar fallen, don a cewarsa nan ne ƙarfin ya taru, ya yanke da'ira daidai bakin bututu. Aka cire gilashin fitilar, aka liƙa da'irar a madadinsa. Sauran fallen ya lallaɓa ya mayar gindin murhu da ƙatuwar huda a tsakiya. Har daga garejin Yacouba suka jiyo Saadatou tana tsine wa ɓerayen Oloumi.

Ya ɗaga bututun ya saita girgije, ya leƙa. Ya daɗe bai yi motsi ba.

A cikin baƙin duhu ga abu fari tas, yana walƙiya. Kai gare shi, ga doguwar wutsiya ta miƙe ta karkace kaɗan. A gefen wutsiyar ga wasu ƙanana guda uku a jere.

"Allahu akbar," in ji Ɗanlaraba a hankali. "Har da 'ya'yanta."

Yacouba ya karɓa ya leƙa. Ya ga abin. Ya ɗan kauda bututun hagu, abin ya biyo shi. Ya kauda dama, ya biyo shi. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tuna shi Bagobiri ne, wannan kuma Bakatsine, kuma irin wannan rabo ba ya zuwa sau biyu a rayuwa. Ya rufe.

"Akwai abu kam," in ji shi. "Bari in yi maka ƙafafu na ƙarfe, kada hannunka ya gaji gobe a gaban jama'a."

Kafin la'asar ta Lahadi babu direban da bai ji ba. Ɗanlaraba ya bi tasha-tasha yana gayya, ya ce kowa ya zo da idonsa tashar jirgin ruwa ta Port Môle, kallo kyauta ne, amma na yau kaɗai. Ya iso cikin babbar riga mai aiki da hular da aka wanke sau biyu. Ya kafa bututun a kan ƙafafunsa a bakin ruwa, ya saita shi sama ta wajen teku, ya ɗaure da waya. 'Yan dako suka ajiye amalanke suka matso. Mata 'yan ƙasa masu gasa kifi suka bar kifinsu. Sama kuwa toka, ko tsagi babu.

"Da rana za a ga tauraruwa?" in ji wani ɗan dako.

"Na'urata ba ta san dare da rana ba. A yi layi. Kada wanda ya taɓa."

Aka yi layi. Duk wanda ya leƙa sai ya ɗago da wata fuska. Wani tsohon ɗan kasuwa ya ce a garinsu idan aka ga irin wannan to wani babba zai tafi, ya shiga lissafa manyan da yake ganin ya kamata. Wata mai kifi ta yi alamar gicciye ta koma ƙarshen layi don ta sake gani. Wani direba ya tambaya ko za a iya raɗa wa ɗaya daga cikin 'ya'yan sunan uwarsa. Ɗanlaraba ya ce ya rubuto a duba.

Sai ga Saadatou cikin shiga ta alfarma, da kwando a hannu. Jama'a suka buɗa mata. Ɗanlaraba ya gyara murya.

"Ku shaida, ni Ɗanlaraba na Maraɗi na gano wannan tauraruwa jiya Asabar a Oloumi, na kuma raɗa mata suna Saadatou. Daga yau har tashin duniya sunanta ke nan. Hajiya, bismilla."

Ta sunkuya ta leƙa. Ta daɗe.

"Kamar ludayi," in ji ta.

"Ludayin sama ne."

"Amma fa tana da haske." Muryarta ta sauka. "Tun da nake ba wanda ya taɓa shiga teku saboda ni. To, ba laifi, Malam Ɗanlaraba. Ba laifi."

Saïdou yana tsaye a baya, jingine da bas ɗinsa. Ya dubi rubutun zinariyar, ya dubi ƙasa, ya sa mukullin a aljihu ya sake fito da shi.

A daidai nan jirgin Port-Gentil ya yi ƙugi ya matso. Wuri ya hargitse, 'yan dako suka ruga, fasinjoji suka fara gangarowa. A cikinsu ga Yaya Abduljalil, mutum mai jiki, cikin farar riga ƙal, yana tafiya a hankali irin ta wanda teku ta jijjiga tun safe. Ya hango ƙanwarsa a sunkuye a bayan wani baƙin bututu, ya nufo ta. Wani ɗan dako ya zo wucewa da amalanke, ya ture ƙafar ƙarfen. Wayar ta tsinke. Bakin bututun ya sauko daga sama sannu a hankali, ya tsaya yana kallon tumbin Yaya Abduljalil.

Saadatou ba ta ɗauke ido ba.

"Malam Ɗanlaraba."

"Na'am, Hajiya."

"Tauraruwata ta shiga cikin Yaya."

"Wace ce ta shiga cikina?" in ji Yaya Abduljalil, ya dafe ciki.

"Har ta fi haske a can," in ji Saadatou.

Ɗanlaraba bai ko ƙifta ba. "Ai na faɗa muku na'urar tana ratsa jiki. Ta ratsa Yaya ne ta hango sama ta bayansa. Yaya, barka da sauka. Kada ka motsa."

"Bayansa jirgi ne," in ji ɗan dakon.

"Ta ratsa jirgin."

Yacouba, wanda ya jira wannan lokaci tun jiya, ya matso da ladabi ya ce bari ya taimaka a mayar da ita sama. Ya kama bututun ya juya shi ga bangon ofishin tikiti, ya kira tsohon ɗan kasuwa ya leƙa. Tana nan. Ya juya shi ga daron kifi. Tana nan, da 'ya'yanta uku. Mai kifin ta janye daronta ta ce ba ta sayar da kifin da tauraruwa ta faɗa ciki. Ya juya shi ga keyar Ɗanlaraba.

"A nan ta fi sakewa," in ji tsohon. "Fili gare ta."

"Girma ne da ita," in ji Ɗanlaraba, gumi yana bin hular. "Ta cika ko'ina. Ku ba ku san girman sama ba, shi ya sa."

Saïdou ya bar jikin bas ya ɗingiso. Bai ce a ba shi wuri ba, aka ba shi. Ya ɗaga bututun sama ya leƙa, ya sauke, ya goge ido, ya sake leƙawa.

"Na san ta," in ji shi.

"A ina ka san ta? Jiya aka gano ta."

"Da ita nake kwana. In hadari zai haɗo, ita ke fara faɗa mini." Ya dafa ƙugunsa na hagu. "Ga kan nan, ga sandar, ga kusoshi uku. Likita ya ce uku ya sa, ashe bai cuce ni ba."

Saadatou ta dubi Saïdou, ta dubi bututun, sannan ta buɗe kwandonta. Ta fito da baƙin fallen, wanda ta taho da shi don fifita saboda zafi. Ta sa hannu a bakin bututun ta ɓamɓare da'irar, ta ɗora ta a hudar. Da'irar ta zauna daram. Ta ɗaga fallen sama inda kowa zai gani: ga ƙashin ƙugu, ga na cinya, ga ƙarfen a kwance a tsakiyarsu, ga sunan Saïdou a kusurwa.

"Bara ya kawo mini in gani don in tausaya masa," in ji ta. "Ya manta shi a kan benci. Ashe ɓeran Oloumi da babbar riga yake yawo."

Dariyar ta fara daga 'yan dako, ta bi masu kifi, ta kai har fasinjojin da ba su san abin da ake yi ba. Yacouba ya zauna a ƙasa don dariya.

Ɗanlaraba ya jira ta lafa, ya gyara rigarsa.

"To wa ya gano ta? Shekara guda yana yawo da ita a jiki, ya taɓa sanin darajarta? Sai da ta zo hannun masani."

Yaya Abduljalil ya nemi wuri a kan wani buhu ya zauna. "Saadatou, ni tun safe ban ci komai ba, abin da na ci jiya ma yana teku. Ban gane tauraruwa ba, ban gane ƙugu ba. Wanne ne a cikinsu?"

Saadatou ta fifita kanta da fallen mai huda.

"Yaya, Malam Ɗanlaraba ya cika alkawari. Ya ce zai gano abu ya raɗa masa sunana, ya gano, ya raɗa a gaban shaidu, ya ce har tashin duniya. Ba ni da ta cewa."

Ɗanlaraba ya fara murmushi, ya dubi jama'a.

"Sai dai ni 'yar mutunci ce," in ji ta. "Ba zan bar sunana yana kwana a ƙugun namijin da ba mijina ba. A ɗaura da Saïdou tun mutane ba su fara magana ba."

"Alhamdu lillahi," in ji Yaya Abduljalil. "Akwai abinci a kwandon nan?"

Saïdou ya fito da mukulli. Ya je ya buɗe ƙofar gaba ta bas, ya kakkaɓe kujerar da hularsa.

Aka kira magariba, maza suka shimfiɗa kwali a gefen ofishin tikiti suka yi salla. Ana sallamewa sai iska ta taso daga teku, girgijen yamma ya tsage kamar tsohon zani. A cikin tsagin, sama da inda rana ta faɗa, ga wani ɗan haske dishi-dishi da siririyar wutsiya ta miƙe sama. Mai kifi ce ta fara nunawa. Kowa ya tsaya yana kallo da idon da Allah ya ba shi, har Yaya Abduljalil da loma a hannu.

Ɗanlaraba yana can yana kokawar cusa bututu a taksi, ya ƙi shiga.

"Bawana," in ji Yacouba, "ɗaga kai. Ga ta gaskiyar can."

Ɗanlaraba ya ɗaga kai, ya kanne ido ɗaya, ya duba ta sama da ƙasa kamar mai tayin akuya. Ya taɓe baki.

"Wannan dusasshiyar? Ko ɗa ɗaya ba ta da shi. A bar wa Turawa kayansu."